Aure Ɗaya, Dokoki Uku: Iyalin Kirista da Hukuma a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Idan fasto ya ɗaura aure ranar Asabar a wata majami'ar ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi, ya yi wa'azi, ya sa albarka, ya miƙa wa ango da amarya takarda, akwai tambayar da ba a cika yi ba: wannan aure a ƙarƙashin wace doka yake? Ranar biki ba mai damuwa da ita. Takan taso ne bayan shekara ashirin, ranar da mijin ya rasu, 'yan'uwansa suka taru a kan maganar gona, gwauruwar kuma ta zo gidan fasto da takardar nan a ƙulle cikin leda tana tambaya ko za ta yi mata amfani. Domin mu iya amsa mata da gaskiya, sai mun san yadda aka yi iyalin Kirista a wannan ƙasa ya sami kansa tsakanin dokoki uku: al'adar kakanni, shari'ar alƙalai, da dokar aure ta gwamnati.

Yawancin masu bi 'yan asalin wannan yanki sun fito ne daga gidajen da ake kira na Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya. A irin waɗannan gidaje iyali shi ne gandu. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, ana ci daga rumbu ɗaya, daga nan ake biyan haraji, daga nan ake yi wa samari aure. Mata ba sa kulle. Suna shiga gona, kowace kuma tana da gayaunarta. Yawan mata da yawan 'ya'ya shi ne yawan hannuwa a gona, saboda haka mai mace ɗaya ba a ganinsa cikakken maigida. Gona kuwa ta maza ce. Idan mutum ya mutu, ƙasar tana nan a hannun 'ya'yansa maza da 'yan'uwansa, matar kuma ko dai wani daga cikin dangin mijin ya gaje ta, ko ta zauna a inuwar 'ya'yanta, ko ta koma gidansu. Baturen tarihi Murray Last ya zauna a wani babban gida irin wannan kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970. Kada mu raina tsarin. Duk da aibinsa, a cikinsa da wuya maraya ya rasa inda zai ci tuwo.

Bishara ta makara zuwa nan, kuma dalilin na siyasa ne. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba, waɗanda suka gaje shi kuma suka fassara alkawarin da hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Dakta Walter Miller na CMS ya zauna a Zariya tun 1905, aka mayar da aikin Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932. SIM kuwa ta sami ƙofar shiga ƙasar Katsina ta hanyar jinyar kutare a shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, a Babbar Ruga, har aiki ya kai ga tasha a Malumfashi. An kafa ECWA a 1954. Katolika su ma sun kafu a Malumfashi, inda suka horar da masu koyar da katikisma. Amma shigowar mutane da yawa cikin ikilisiya, gida gida, sai a shekarun 1970 aka gan ta sosai, yawanci ta bakin masu bishara 'yan ƙasa.

Doka kuwa ta riga bishara isowa. Dokar Aure ta 1914, wadda har yau ita ce ake amfani da ita, ta samo tushe daga wadda aka yi wa Legas a 1884. Ba ta soke auren al'ada ba, ba ta taɓa auren Musulunci ba. Ta ajiye wani aure na uku ne a gefensu. Wanda ya zaɓe shi sai ya kai sanarwa wurin magatakardan aure, a jira kwana 21, a ba shi takardar izini, sa'an nan a ɗaura auren a ofishin magatakarda ko a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi, ƙofa a buɗe, idan a majami'a ne tsakanin ƙarfe takwas na safe da shida na yamma, gaban shaidu aƙalla biyu. Wanda ya yi wannan aure ba shi da ikon ƙara mace ta hanyar al'ada muddin auren yana nan, idan ya yi kuwa doka ta tanadi ɗaurin shekara biyar. Tun 1898, a shari'ar Cole da Cole a Legas, kotu ta nuna cewa auren Kirista na mace ɗaya yana iya canza dokar da za a raba gado da ita. Wannan doka an yi ta ne da tunanin malaman makaranta da akawunan Legas. Manomin da ke bayan Bakori, wanda zuwa ofishin magatakarda tafiya ce ta yini, ba da shi aka yi lissafi ba.

Abin da ya fi taɓa kakanninmu ma ba dokar gwamnati ba ce, dokar ikilisiya ce. Taron bishop-bishop na Anglika a Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba. Zai zauna cikin masu koyo har ya cika sharaɗi, ko da yake ana iya karɓar matansa. SIM ita ma ta tsaya a kan hana irin wannan mutum baftisma. Dalilinsu ba na wasa ba ne. Farawa sura 2 da Matiyu sura 19 sun nuna nufin Allah tun farko mace ɗaya ce da namiji ɗaya, kuma sun ji tsoron idan aka sassauta a ƙarni na fari, ba za a iya tsayar da abin a ƙarni na biyu ba. A nan suna da gaskiya, mu ma a kan wannan koyarwa muke.

Amma mu duba abin da sharaɗin ya zama a cikin gandu. Maigida mai mata uku ya ji bishara ya ba da gaskiya. An ce masa ya zaɓi ɗaya. Sauran biyun ba su yi laifin komai ba. An aure su bisa ƙa'idar da kowa ya sani, an biya dukiyar aure, sun haihu. Idan ya sake su, 'ya'yan bisa al'ada na uba ne, su kuma za su fita ba gona, ba 'ya'ya. Ina za su? Waɗansu gidan iyaye, waɗansu wani auren a gari. Idan ya ƙi sakinsu, zai tsufa a bencin baya, ba baftisma, ba Jibin Ubangiji, ko da a filinsa aka gina majami'ar. Dattawanmu sun san irin waɗannan tsofaffi. Ikilisiyar da take wa'azi daga Malakai sura 2 cewa Allah yana ƙin kisan aure, ita ce ta mai da kisan aure ƙofar baftisma. Shekara ɗari cif bayan hukuncin farko, a Lambeth na 1988, bisa roƙon bishop-bishop na Afirka ta Gabas, Anglika ta yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa masu bi, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba, ikilisiyar wurin ta amince, kuma ba za a tilasta masa korar kowace ba, saboda halin da za su faɗa. Ba kowace ɗarika ce ta bi wannan hanya ba, kuma ba muna cewa fasto ya yi gaban kansa ya saɓa wa tsarin ɗarikarsa ba. Abin lura shi ne hukuncin 1888 ya duba mijin, na 1988 ya tuna da matan.

Ana cikin haka gandun kansa yana rushewa. Jirgin ƙasa ya iso Funtua a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta zama kuɗi, injinan gurzar auduga suka kafu a Funtua da Malumfashi. Saurayin da ya iya sayar da audugarsa ba ya bukatar jiran uba ya yi masa aure. Shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975 da kuɗin Bankin Duniya ya kawo taki da sababbin iri, gona ta ƙara daraja. Ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗebe yara daga gona zuwa aji. Ikilisiya kuma tana koyar da mutum ya bar uba da uwa ya manne wa matarsa. Sakamakon shi ne gida ƙarami, miji da mata da 'ya'ya, wanda ya fita daga inuwar gandu, amma gadonsa har yanzu dokar gandu ce take raba shi. Gwauruwar da a dā dangi ke riƙewa, yanzu ikilisiya ta hana a gaje ta, kuma daidai ta yi. Amma ba mu sa wani abu a gurbin abin da muka cire ba.

Sai maganar kotu. A zamanin En'e, alƙali ne mai shari'a a ƙasar Galadiman Katsina da ta Sarkin Maska. Bayan gyaran 1967 aka mai da kotunan En'e kotunan yanki, waɗanda a rubuce suna da ikon yin hukunci da al'adar masu ƙara. Dokar 1970 ta sa rabuwar auren doka a hannun Babbar Kotu kaɗai. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, a 2000 kuma, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa shari'ar Musulunci. Duniya ta san sunan garuruwanmu ta wannan hanya: a Bakori aka yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa a Maris 2002, babbar kotun shari'a ta Funtua ta tabbatar a Agusta, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin a Satumba 2003. Ita Musulma ce, dokar kuma an ce ba ta shafi Kirista ba. Abin da ya shafe mu ya fi wannan shiru. Jihar Kaduna, bayan rikicin 2000, ta kafa kotunan al'ada a gefen kotunan shari'a; Katsina ba ta bi wannan hanya ba. Saboda haka Bahaushe Kirista mai auren al'ada ba shi da kotun da aka gina domin irin aurensa.

Akwai wata gaskiya da ba ta da daɗin ji. A shari'ar maƙwabtanmu Musulmi, matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'ya mace kuma tana da rabin rabon ɗan'uwanta namiji. Muna iya cewa bai isa ba, amma rabo ne sananne da alƙali zai iya ƙwato mata. Gwauruwarmu, wadda aka yi wa auren al'ada aka sa masa albarka a majami'ar da ba ta da lasisi, me za ta nuna? Takardar da fasto ya ba ta shaida ce cewa an yi aure a gaban Allah da jama'a, amma ba ta mai da shi auren doka ba. Ga kuma wanda ya tuba daga gidan Musulmi, wanda bambancin addini ya hana shi gadon mahaifinsa. Littafin Ƙidaya sura 27 ya ba da labarin 'ya'yan Zelofehad mata da suka kawo kukan gado gaban Musa, Ubangiji kuwa ya ce suna da gaskiya. Sau nawa muka yi wa'azi daga wannan sura? Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta riga mu: a 2014, a shari'ar Ukeje, ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. Shari'ar a kan al'adar Ibo ce, amma sashe na 42 da aka dogara da shi na kowa ne.

A shekarar nan ta 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, shugabannin Kirista da na Musulmi suka yi murya ɗaya. Idan aka ce ɗabi'un iyali da manufofin gwamnati, irin wannan ne ke fara zuwa zuciyar mutane, domin shi ake ji a rediyo. Amma fasto a Dandume ko Danja zai iya yin shekara talatin bai gamu da wannan ƙara ba. Abin da ke ƙwanƙwasa ƙofarsa shi ne gado, da yarinyar da aka cire daga makaranta, da 'yar da iyayenta suka wayi gari aka ce ta canza addini an ɗaura mata aure ba da saninsu ba. A nan doka tana da baki biyu. Dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003 ta sa shekara 18 ga aure, amma sashe na 29 na tsarin mulkin 1999 yana ɗaukar macen da ta yi aure a matsayin baliga wajen barin zama ɗan ƙasa, kuma yunƙurin cire wannan a Majalisar Dattawa a 2013 ya ci tura. Idan za mu nemi hukuma ta tsare 'ya'yanmu mata da ma'aunin 18, sai mun fara riƙe ma'aunin a cikin majami'unmu, domin talauci da gudun hijira daga 'yan bindiga suna sa iyaye Kirista ma su aurar da yarinya da wuri. Mai ƙorafin da shi kansa yake yin abin, ba a saurarensa a gaban hakimi.

Ga wanda zai fita hidima a wannan yanki, aikin yana farawa daga abubuwa ƙanana. Ya bincika ko majami'arsa tana da lasisin ɗaurin aure. Da yawa a karkara ba su da shi. Ya gaya wa masu neman aure, tun kafin a kai lefe, bambancin albarkar ikilisiya da auren doka, har da nauyin da auren doka ke ɗorawa: ba ƙarin mace, ba rabuwa sai a Babbar Kotu, wanda bai kai shekara 21 ba kuma sai da yardar iyaye a rubuce. Ya kuma faɗi iyakarsa, domin ko auren doka ba lalle ne ya fitar da gonar gado daga hannun al'ada ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta bar wa al'adar wuri babban matsayi wajen gadon gonakin karkara. Shi ya sa maganar wasiyya a rubuce, gaban shaidu, tun mutum yana da lafiya, take bukatar shiga koyarwar Zumuntar Maza, ko da yake mun san Bahaushe ba ya son a yi masa zancen mutuwa yana tsaye da ƙafarsa. Littafin rajistar aure na ikilisiya kuma a rubuta shi da tawada, da cikakken suna da kwanan wata da sa hannun shaidu, a ajiye kwafinsa a ofishin gunduma, domin a shekarun nan mun ga ƙauyukan da aka tashi cikin dare ba a ɗauki ko tabarma ba.