Daga wuƙar Nääs zuwa kwalin ƙwai: yadda darasin ƙira ya shiga firamare

Wanda ya yi firamaren gwamnati a Arewa a ƙarshen shekarun 1990 zai tuna darasin da ake kira aikin hannu. A makarantarmu, ranar ba da maki sai ka ga layin yara, wannan da tsintsiya, wancan da mafici, 'yan mata da faifai, kuma da wuya a samu mutum biyu da suka saƙa abin da ke hannunsu. A kasuwa aka sayo. Malam ya sani, mu ma mun san ya sani. Da an tashi kuwa, mu ɗin nan ne za mu koma lungu mu ƙera motar langa-langa, mu yanka mata tayoyi daga tsohon silifa, mu ɗaura mata dogon sitiyari na waya mai juya ƙafafun gaba. Babu wanda ya taɓa ba mu maki a kan wannan.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin sakaci irin namu. Sai da na bi tarihin darasin a Ingila, ƙasar da ta riga kowa wajabta wa kowane yaro daga shekara 5 zuwa 16 koyon zayyana da fasaha, na ga cewa can ma an shafe fiye da ƙarni ana tufka da warwara. Tambayar da ta hana su sakat guda ce: ana ba yaro kayan aiki ne don ya zama ma'aikaci, ko don ya koyi tunani?

Ba a Ingila labarin ya faro ba. Wani limamin coci ɗan ƙasar Finlan, Uno Cygnaeus, shi aka ɗora wa tsara makarantun talakawa a lokacin da ƙasarsa ke ƙarƙashin sarkin Rasha. Ya buɗe makarantar horon malamai a Jyväskylä a 1863, kuma dokar makarantu ta 1866 ta sa aikin hannu cikin darussa. Ra'ayinsa, wanda ya ɗebo daga Pestalozzi da Froebel, shi ne hannu ƙofa ce ta hankali.

Wanda ya mayar da ra'ayin tsari mai ƙa'ida shi ne Otto Salomon na Suwidin. Kawunsa, wani attajiri mai suna August Abrahamson, yana da gandu a Nääs kusa da birnin Gothenburg, a nan suka buɗe makarantar yara a 1872, sannan ta horon malamai a 1875. Sunan darasin slöjd, kalmar da ke nufin gwanintar hannu irin ta manomin da ke sassaƙa cokalinsa da ƙotar gatarinsa a dogon daren hunturu. Salomon ya jera ayyukan daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowane sabon abu yana ƙara dabara ɗaya a kan wadda yaro ya riga ya iya. Da wuƙa ake farawa, domin ita ce kayan aikin da ɗan ƙauye ya sani tun a gida. Dole abin da za a yi ya zama mai amfani, cokali ko ludayi ko 'yar kanta, kuma yaro ne zai yi shi daga farko har ƙarshe, malami ba ya taɓa masa. Idan ya karkace, yaron zai gani da idonsa, ba sai an faɗa masa ba.

Akwai sharaɗi ɗaya da Salomon ya kafe a kai, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Ya ce malamin makaranta ne zai koyar da darasin, ba kafinta ba. Kafinta burinsa kujera ta fito da kyau, don haka idan yaro ya fara ɓata katako zai karɓe. Malami kuwa yaron yake kallo. Kafin rasuwar Salomon a 1907, dubban malamai daga ƙasashe kusan 40 sun je Nääs ɗaukar kwas, cikinsu har da 'yan Ingila masu yawa, mata da maza.

Sai dai abin da ya tura Ingila neman darasin ba tarbiyyar hankali ba ce, tsoro ne. Tun 1862 ana biyan makarantun firamare kuɗin tallafi gwargwadon yawan yaran da suka ci jarrabawar karatu da rubutu da lissafi, don haka babu shugaban makarantar da zai ɓata lokaci a kan zarto. Ɗinki ne kawai aka wajabta wa 'yan mata. A baje kolin masana'antu na Faris a 1867 Turawan Ingila suka lura cewa Jamus da Faransa na cim musu. Aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin Bernhard Samuelson, ta ba da rahoto a 1884, kuma a 1890 aka amince a lissafa aikin katako cikin lokacin makaranta. A Landan da sauran birane aka gina cibiyoyi inda ake kai yara maza rabin yini a mako, galibi a hannun masu sana'a. Yawancinsu ba su ga dalilin wuƙar Salomon ba. Zarto da kurfi da haɗa gaɓoɓin katako suka fi so.

Da haka darasin ya samu gurbi, ya kuma samu tabo. Ya zama na 'ya'yan leburori, maza katako da ƙarfe, mata girki da allura, yayin da ɗan mai hali ke can yana haddar Latin. Wannan rabon ya biyo Turawa har ƙasar Hausa. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da kuma na sana'a daban. Tsintsiyar da muka riƙa kai wa malam jikanyar wannan tunani ce: darasin da kowa ya yarda ba na masu ƙwaƙwalwa ba ne, ba wanda zai damu ko an yi shi da gaske.

Juyin ya zo a shekarun 1970. Bruce Archer, injiniya kuma farfesa a Kwalejin Fasahar Zane ta Sarauta da ke Landan, ya yi jayayya cewa ilimi ba kimiyya da adabi kaɗai ba ne, akwai fanni na uku, wato zayyana. Yadda adabi ke da kalmomi, kimiyya ke da lambobi, haka zayyana ke da nata harshen: zane, da samfur, da gwaji. Bambancin da wannan ya kawo yana da girma. A da ana miƙa wa yaro zanen akwati a ce ya kwaikwaya. Yanzu matsala ake miƙa masa, a ce ga 'yar tsana tana son abin hawa da zai kai ta ƙarshen aji ba ta faɗo ba, ya za a yi?

Dokar gyaran ilimi ta 1988, a zamanin Margaret Thatcher da sakataren iliminta Kenneth Baker, ta kafa manhaja ɗaya ga Ingila da Wales, ta sa fasaha cikin darussan dole. Kwamitin da Lady Parkes ta shugabanta ya rubuta abin da za a koyar, aka fara aiki da shi a 1990. An so yaro ya gano buƙata, ya tsara mafita, ya ƙera ta, sannan ya auna ko ta yi aiki. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai.

A aji kuwa labari ya sha bamban. Malamar firamare ita kaɗai ke koyar da dukkan darussa, kuma mafi yawansu ba su taɓa riƙe zarto ba. Babu ɗakin aiki, babu kuɗin kaya. Sai aka koma ga abin da ke akwai: kwalin ƙwai, da kwalin hatsin karin kumallo, da gam. Yara suka riƙa cika takardu da bayanin abin da za su ƙera, ƙirar kuma ba ta tsayawa da ƙafarta. A 1992 Alan Smithers da Pamela Robinson suka rubuta wa Majalisar Injiniyoyi rahoto mai zafi, suka ce darasin ya rikice. Masu suka suka yi ta ba'a da shi. Wato dai an ɗauki rabin karatun Salomon an bar rabi. An yarda darasin na kowane yaro ne, an manta cewa shi da horar da malamai ya fara.

Abin da ya ceci darasin a firamare ƙananan dabaru ne. Ɗaya daga cikinsu ta wani malami ce, David Jinks: a yanka siririn katako mai kusurwa huɗu, a haɗa sanduna biyu, a manna ɗan kwali mai kusurwa uku a kan mahaɗar. Shi ke nan, ɗan shekara 7 ya samu firam mai ƙarfi da zai ɗora wa taya ko injin batir, ba tare da ya iya sassaƙar kafinta ba. Gyaran manhaja na 1995 ya rage buri, ya raba aikin gida uku: yara su kwance abin da wasu suka ƙera su ga yadda yake, su yi gajeren atisaye a kan dabara ɗaya, sannan su tsara nasu su ƙera. Misalin motar ya isa a gane amfanin wannan jeri. Yaro zai manne tayoyi a jikin sandar da ke riƙe su, ya kuma manne sandar a jikin mota, ya tura, ta ƙi tafiya. Dole ɗaya daga cikin biyun ya samu sakewa, ko taya ta juya a kan sanda, ko sanda ta juya a cikin rami. Yaron da ya gano haka da yatsunsa ya fahimci wani abu game da motsi wanda allo ba zai ba shi ba.

Darasin bai gama miƙewa ba aka sake taka shi. A 1998 gwamnatin Tony Blair ta kawo sa'ar karatu ta kullum, a 1999 ta lissafi, aka sassauta wa firamare sauran darussa na shekara biyu. Tamkar an koma 1862 ne: abin da ake aunawa shi ake koyarwa. A 2004 aka cire wajabcin darasin ga 'yan shekara 14 zuwa 16, kuma ma'aunin makarantu da aka ɓullo da shi a 2010 bai lissafa shi ba. Masu zana jarrabawarsa a ƙarshen sakandare, waɗanda suka haura 400,000 a farkon shekarun 2000, sun koma ƙasa da 100,000 cikin shekara ashirin, ko da yake ware darasin abinci daban ya taimaka wajen raguwar.

Tsohuwar gardamar ta sake tashi a Fabrairun 2013, lokacin da ma'aikatar Michael Gove ta fitar da daftarin manhaja mai ba da ƙarfi ga lambu da gyare-gyaren gida da girki. Injiniyoyi da ƙungiyar malaman darasin da James Dyson, mai ƙera injin share ɗaki, suka ce wannan komawa baya ne. Ba na jin akwai aibu a yaro ya iya gyaran keke. Amma na fahimci fargabarsu, domin gyara abin da wani ya ƙera da tsara naka ba abu ɗaya ba ne, kuma sun san wane aji na yara aka saba tura wa na farkon. Aka janye daftarin, aka sake rubutawa cikin 'yan watanni.

Manhajar da ta fara aiki a Satumban 2014 ta bar girki a matsayin dole, amma ta dawo da zayyana tsakiya. Daga shekara 7 zuwa 11 yara za su yi aiki da giya da kura, su haɗa wayar batir da ƙwan fitila da makunni, su kuma sarrafa abin da suka ƙera da kwamfuta. 'Yan shekara 5 zuwa 7 kuwa za su fara da gini mai tsayuwa, da liba, da taya da sandarta. Da na karanta wannan layin na ƙarshe sai na tuna motata ta langa-langa. A bayan katangar makaranta nake ɓoye ta da safe, don kada a ƙwace, in shiga aji da tsintsiyar da Inna ta sayo.