Kwana Uku a Ƙasar Ƙonni da Adar

Shekara da shekaru ina ratsa Birnin Ƙonni cikin motar haya, kuma abin da na sani game da shi bai wuce abin da ake hangowa ta taga ba: kwalaben fetur jere a bakin kwalta, masu canji riƙe da damman naira da sefa, 'yan kabu-kabu suna kiran masu zuwa iyaka. Mota ta tsaya, a yi salla, a sayi tsire, direba ya danna oda, a wuce Maraɗi ko Tawa. Haka akasarinmu muka san garin. Sai a wani hunturu ni da abokaina biyu muka ɗaure tabarmi da barguna bisa mota, muka zuba gawayi da butar shayi da jarkar ruwa a baya, muka bar Yamai da asuba da niyyar kwana uku a fili, ƙarƙashin taurari.

Tafiyar ta haura kilomita 400, ta Doso da Dogon Dutsi. Ƙonni mararraba ce tun asali. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa tsakiyarsa, ta Tawa da Agadas ta balle arewa daga Tsarnawa, ga kuma Illela ta Najeriya a kudu, 'yar tafiya kaɗan bisa babur. Daga nan zuwa Sakkwato ba a kai kilomita 100 ba. Shi ya sa naira ke yawo a kasuwar garin kamar kuɗin gida, kuma idan aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, Ƙonni ke fara jin raɗaɗin tun kafin labari ya isa Yamai.

Garin ya girmi kwalta da iyakar duka. A nan Musa Jakollo, kakan kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya sauka da jama'arsa Toronkawa bayan sun taso daga Futa Toro, zuriyarsa kuma ta daɗe a nan kafin ta gusa. Shi kansa Shehu a Marata aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin ƙasar Nijar ta yau. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'arsa suka ci. Raina yakan sosu idan na ga yaro ya haddace tarihin jihadi tsaf, ya wuce ta Ƙonni da Galmi, babu wanda ya ce masa ga inda saiwar take.

Sai baƙar ranar 8 ga Mayu 1899. Rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta baro kogin Kwara tana ƙone ƙauyuka, ta kuma kara da Sarauniya Mangu a Lugu makonni kaɗan kafin nan, ta iso Ƙonni. Birni ne mai ganuwa, cike da jama'a. Suka buɗe masa wuta da igwa, suka karkashe mutane masu yawan gaske, maza da mata, suka bar shi kango. A lissafin Turawa kansu ma sun shiga gonar da ba tasu ba, domin yarjejeniyar 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta kowane gefe ta bai wa Ingila, Ƙonni kuwa na cikinta. Sai a 1904, sannan a 1906, aka ja layin kudu don Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Da alƙalamin wasu a Turai garin ya koma ɓangaren Faransa, dangi suka wayi gari rabi nan rabi can. Su Voulet ba su ga ƙarshen Yulin wannan shekara ba, sojojinsu ne suka harbe su a wajen Maijirgi.

Daren farko mun yada zango a gefen gonakin rani. Akwai hekta sama da 2,400 da ake shayarwa da ruwan Majiya, wanda aka tare a madatsun Mozage da Zango, yake biyo magudanai har bakin gari, ragowar kwarin kuma ya gangara tafkin Kalmalo a Najeriya. Muna cikin shimfiɗa tabarmi sai ga wani dattijo da tocila da sanda, mai gadin albasa. Ya yi sallama, ya haska fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Samari, lahiya kuka kwan daji ga gari kusa?"

"Lafiya lau, Baba. Ƙasa muka zo gani."

Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce mu matsa kusa da bukkarsa, nan iska ba ta da ƙarfi. Ya kawo karan dawa ya hura wuta, muka ɗora shayi. Hira ta kai mu har Masallata, ƙauyen da ke kusa, inda Azna ke yin arwa kowace shekara su faɗi yadda damina za ta kasance. Ya ce shi bai rasa salla cikin jam'i, amma kakansa na wajen uwa can yake, kuma ba zai zagi tushensa ba. Sanyi ya sauko wajen ƙarfe uku, irin mai shiga ƙashi. Na farka na tarar ya lulluɓa mini buhu bisa bargo.

Washegari muka nufi gabas. Tun daga nesa ake hango hasumiyar kamfanin siminti na Malbaza, wanda ke aiki tun shekarun 1960, da farar ƙura kwance bisa ganyen itatuwa. A nan ne kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a 2018, megawat 7, ta farko irinta a ƙasar. Galmi kuwa hanci ke fara sanar da kai ka iso. Buhunan albasa tsibi-tsibi a bakin hanya, kowane da hularsa ta raga, manyan motoci na lodi zuwa Akara da Abijan da Kwatano. Albasar nan mai ruwan makuba, 'yar Galmi, sunanta ya kai inda mai nomanta bai taɓa takawa ba. Asibitin mishan da aka kafa a 1950 na nan, ana zuwa masa har daga ƙetaren iyaka.

Dare na biyu bisa tudu muka yi shi, inda duwatsun Adar suka fara. Ba tsaunuka ne masu tsini ba, shimfiɗaɗɗun tuddai ne masu baƙin marmara a sama, kwaruruka sun tsattsaga su. Kafin magariba abokina ya tsinci wani farin dutse a gefen kwazazzabo, ya miƙo mini. Bawon katantanwar ruwa ne sak, ya zama dutse. Miliyoyin shekaru da suka wuce teku ne ya rufe wannan ƙasa, kuma farar ƙasar da ake toyawa a Malbaza ragowar halittun cikinsa ce. Na daɗe ina juya shi a tafin hannu, ina duban busasshen kwarin da awaki ke bi suna neman abin tsinka. A daren nan mun fara neman izinin mai gari kafin mu sauke kaya. Zamani ya canza, yankin iyaka ba ya son baƙon da ba a san da zuwansa ba, kuma gaskiyar mutanen ce.

Muka koma Tsarnawa muka kama hanyar Tawa, ta Gidan Idar zuwa Badagishiri. Abin da ya fi burge ni a duk tafiyar a nan na gan shi. Fako ne, ƙasa mai tauri kamar daɓe, wadda ruwa ke gudu a kanta bai shiga. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela ta Nijar suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a zuba taki, suka dawo da dabarar. Tassa suke ce mata. Rami ne da bai fi faɗin ƙwarya ba, ana tara ƙasarsa ta gefen gangare don ta tare ruwa. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan sama ya zauna, hatsi ya tsiro inda ko ƙaya ba ta fita da. Har aka kai ana sayen fako da kuɗi. Aiki ne na gumi, a tsakiyar rani, lokacin da yawancin samarin Adar sun tafi cin rani, kuma sau da yawa mata da tsofaffi ke riƙe da gatarin haƙa.

Illela ta Nijar na yamma da Badagishiri, kuma ita ce mazaunin Sarkin Adar. Sarautar ta samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, wanda ya karɓe Adar daga hannun Kabawa a 1674. Wanda ke son zurfin labarin ya nemi aikin Farfesa Djibo Hamani kan tarihin Adar. Mun isa da la'asar sakaliya, muka gaida dattawan ƙofar fada, suka haɗa mu da yaro ya kai mu wani fili a bayan gari, gindin gawo. Bayan isha sai ga shi ya dawo ɗauke da ƙwaryar fura da ludayi uku, ya durƙusa ya ce innarsa ce ta aiko, tana yi wa baƙi sannu da hanya. Da safe muka wanke ƙwaryar, muka sa sukari da ganyen shayin da suka rage mana a ciki, muka bi shi har ƙofar gida.