Badagiri: Garin Bakin Teku da Hanyar Kano Ta Ƙare a Cikinsa

Da yawa daga cikinmu mutanen ƙasar Gaya mun san Ikko. Wani aiki ya kai shi, wani karatu, wani kuwa cirani ne ya ɗauke shi daga Toranke ko Ajingi bayan an gama kaka. Amma in ka tambayi mutum goma ko sun taɓa leƙa Badagiri, da kyar ka sami ɗaya, alhali kuwa garin yana nan yamma da Ikko a kan hanyar Seme, wato iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in nuna wa mai karatu cewa Bahaushen da ya je wannan gari ba tarihin wasu zai je kallo ba, nasa ne.

Garin na ƙabilar Egun ne, sarautarsu kuma ana ce mata Akran. Ba a kan teku kai tsaye yake ba. Tsakaninsa da tekun akwai wani dogon ruwa mai kama da kogi, a hayinsa kuma sai wani siririn tsibiri na rairayi mai suna Gberefu. Wannan ruwa shi ne arzikin garin tun asali, domin ta cikinsa kwalekwale kan tafi gabas har Ikko, ya tafi yamma har Porto-Novo, ba tare da ya shiga haukan teku ba. Ga kwakwa ko'ina, ga kifi, ga wuraren shan iska a gaɓar teku. Mutumin da ya tashi cikin gero da gyaɗa, in ya sauka nan sai ya ji iskar ma da nauyi saboda laima.

A ƙarni na 18 ne Badagiri ta yi tashe da cinikin bayi, har maƙwabta suka sa mata ido. A 1784 rundunar Dahome, da goyon bayan Oyo da Ikko, ta ci garin ta rushe shi. Ya sake farfaɗowa, amma daga nan Ikko ta sha gabansa. A 1852 sarakunan garin suka sa hannu a yarjejeniyar daina cinikin da Ingilishi, a 1863 kuma ya shiga ƙarƙashin mulkinsu. Ofishin Di'o da aka gina a wannan shekara shi ne aka mayar gidan tarihi.

To, abin da baƙo zai fara nema shi ne gidajen ajiye kayan bauta. Akwai na zuriyar Mobee, inda za a miƙo maka sarƙar wuya a ce ka ɗaga. Ku tuna, mu ne ake cewa maƙerin da ya je Dala neman tama, wanda Kano ta ci sunansa, daga Gaya ya tashi, saboda haka ba a yi mana burga da ƙarfe. Duk da haka wanda ya ɗaga sarƙar nan sai jikinsa ya yi sanyi, balle in aka nuna masa ƙaramin mari wanda ƙafar babba ba ta shiga. Sa'an nan akwai gidan Seriki Abass Williams, mutumin da shi kansa aka taɓa bautarwa, ya dawo ya zama attajiri kuma shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Wannan kalma ta Seriki, ai Sarkin nan namu ne Yarbawa suka ara. A gidan akwai 'yan ɗakuna masu duhu da ake tsare mutane kafin jirgi ya iso. Masu yi wa baƙi jagora za su nuna maka wata tsohuwar laima su ce mutum arba'in aka bayar a kanta. Ni dai irin wannan lissafi nakan saurara da kunne ɗaya. Abin da ya tabbata shi ne, taba ta ƙasar Barazil da barasa da bindigogi da kuɗin wuri su ne manyan kayan da ake musanya mutane da su a wannan gaɓa.

Yaya aka yi Bahaushe ya zo nan? Daular Oyo ta daɗe tana sayen bayi daga arewa ta hannun Nufawa da Bargawa. Wasu ta riƙe su a gida suna aikin wanzanci da tufka igiya da kiwo, wasu ta gangara da su bakin teku. Da aka fara jihadi a 1804, yaƙi ya game ƙasar Hausa, kamammu suka yi yawa, kuma daga ɓangarorin biyu ne. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, hannun da ya fara ɗaure yawancin waɗannan bayin Allah ba na Bature ba ne. Ta Ikko da Badagiri da Porto-Novo da Wida aka fitar da su, akasarinsu kuma Bahiya aka nufa da su, a ƙasar Barazil.

Can ma ba su kwanta ba. A 1807 hukumar birnin Salbado ta gano wani shirin bore da Hausawa suka ƙulla, ta kama shugabanninsa. A 1809 aka sake yin wani. A watan Fabrairu na 1814 bayi suka far wa wuraren masunta na Itapuwa, kusa da birnin, kuma takardun shari'ar sun kira jagoransu da laƙabin malomi, wanda masana suka fassara da malam. Babban boren shi ne na Janairun 1835, cikin watan azumi. Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa a wannan, amma da Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci. Bayan wannan, wani jakadan Faransa a Bahiya mai suna Francis de Castelnau ya zauna da waɗansu bayi Hausawa ya yi musu tambayoyi, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851. Mutanen nan, bayan shekaru a gonakin rake da titunan baƙuwar ƙasa, sun lissafa masa garuruwansu, Kano da Katsina da Zazzau, da zangon da ke tsakanin wannan da wancan. Sai a 1888 Barazil ta soke bauta.

Hanyar da ta gangara da su ita ce kuma ta hau da Bature. Waɗanda ba su yi barci a ajin tarihi ba za su tuna Kyaftin Clapperton, wanda mutanenmu suka sa wa suna Abdullahi. A zuwansa na farko ta Sahara ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, har suka yi maganar hana kai bayi bakin teku. A zuwa na biyu ta Badagiri ya shigo. Ya bar garin a watan Disamba na 1825, zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu cikin 'yan makonni, ya bi ta tsohuwar Oyo da Kayama, inda ya tarar da ayarin fatake Hausawa sun fito daga Gwanja da goro, ya wuce Busa da Zariya, bai ga ganuwar Kano ba sai Yulin 1826. Wata bakwai ke nan. Ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Yaronsa Richard Lander ya komo Badagiri da takardunsa, dillalan bayi 'yan Fotugal suka ce ɗan leƙen asiri ne, aka sa shi shan gwaji, ya sha ya koma masauki ya amayar, ya tsira.

Wanda ba a koya mana ba shi ne tafintansu. Turawa suna kiransa Pasko, sunansa na yanka kuwa Abubakar, mutumin Gobir. An kama shi an sayar, an sa shi a jirgin bayi, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, ya zama matuƙi a cikinsu. Da wannan mutum ya sauka Badagiri a 1825 ya fuskanci arewa, ya yi abin da dubban 'yan'uwansa ba su samu ba, wato ya sake taka ƙasar Hausa.

Akwai kuma benen 'yan mishan da aka gama a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna, da wurin itacen Agiya da aka fara wa'azin Kirista a ƙarƙashinsa a 1842. Itacen ya faɗi a 1959, an kafa alama a gurbinsa. A jikin benen an rubuta cewa shi ne na farko a Nijeriya. Ku shiga ku hau, wurin ya cancanci gani, amma wanda ya san soraye na birnin Kano da Hasumiyar Gobarau ta Katsina sai dai ya yi murmushi.

Abin da za a bari sai ƙarshe shi ne ƙetarawa Gberefu. Kwalekwale za a shiga, 'yan mintoci an kai hayi, daga nan sai tafiya a ƙasa cikin rairayi. A hanya akwai wata rijiya da mutanen garin ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. In ma an yi hakan, maganin bai ci mutanen da suka zauna da Castelnau ba. Tun kafin ka ga tekun za ka fara jin rurinsa. Manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda igiyar ruwa, can nesa suke tsayawa, a riƙa kai musu mutane cikin kwalekwale. Wurin nan Turancinsa na nufin inda ba a dawowa. Wanda zai je ya yi sammako, ya riƙe ruwan sha, domin da hantsi ya yi rairayin ba ya takuwa ba takalmi.