Jan Yawu a Bangon Delhi

Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Tanja da ya ratsa Takedda a 1353, ya zauna shekaru a Indiya kafin nan, kuma ya ba da labarin cewa idan babban mutum ya miƙa wa baƙo ganyen tambul, ya girmama shi fiye da wanda aka ba zinariya. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da shi ma da goro yake neman aure, da shi yake raɗa suna.

Sai dai wannan ba goro ba ne. Ƙwallon wata bishiya ne dangin dabino, areka, ana yayyanka shi a naɗe cikin ganyen tare da ɗan kwaɓaɓɓen farar ƙasa. Indiyawa na kiran ƙunshin paan. Al'adar ta girmi Ibn Battuta nesa ba kusa ba: a kogon Duyong na ƙasar Filifin an tono haƙoran mutum masu tabonta, sun haura shekara 4,000. Yau ana ƙiyasta masu taunawa sun kai miliyan 600.

Ni dai a Delhi na fara ganinta ido da ido, lokacin da na raka yayana jinya. Na ɗauka jini ne a gindin bango da kusurwar matakala, ashe yawu ne. Direban da ke kai mu asibiti bai iya buɗe baki sosai ba, da ƙyar yatsu biyu ke shiga, ko yaji ba ya iya ci. Ba'indiye kuwa a raba shi da yaji!

Ciwon nasa yana da tarihi. A 1952 wani likita mai suna Schwartz ya bayyana shi a jikin wasu mata 'yan Indiya mazauna Kenya. Sinadarin arekolin da ke cikin ƙwallon yana sa fatar cikin kunci ta yi fari, ta ƙandare kamar jijiya, kuma in ta ƙandare ba ta komawa daidai. Kafin a kai nan, haƙora sun rine sun zaizaye, dasashi ya janye yana zub da jini. Wasu daga nan sai sankarar baki.

An daɗe ana ɗora laifin duka a kan tabar da ake haɗawa. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon ta tabbatar da haɗarin ƙunshi mai taba a 1985. Sai a 2004 ta wallafa cewa ƙwallon kansa, ko babu taba, yana haddasa sankara.

A ganina abin da ya fi ɓata lamarin ledar 'yan kasuwa ce. Dā sai an zauna, an wanke ganye, an naɗa, a ci bayan abinci ko a wurin biki. Daga shekarun 1970 aka fara cusa busasshen garinsa cikin ƙananan ledoji, mai taba ana ce masa gutka, a farashin da ɗan makaranta zai iya biya. Jihohin Indiya sun shiga haramta gutka a 2012. Masu kamfanoni suka raba kayan gida biyu, areka a leda ɗaya, taba a ɗaya, mai saye ya haɗa da kansa a tafin hannu.