Ruwan Da Ke Wuce Ajingi: Su Wa Suka Tsaya Wa Fadamar Haɗejiya?

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga wannan shekara, ba damina kaɗai ke yanke wa mutanen bakin kogi hukunci ba, har da mai riƙe da mabuɗin ƙofar dam. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya gangara ta gefen ƙasar Ajingi, ya nufi Ringim da Haɗejiya. Can ne ƙasa ta shimfiɗe, kogi ya rasa hanya guda da zai bi, sai ya rarrabu ya malale daji har Nguru da Gashuwa. Wannan malala ita ce fadamar Haɗejiya da Nguru: shinkafa in ruwa ya hau, wake da kayan lambu in ya janye, kifi ga masunta, ciyawar rani ga Fulani, ga goruba ga kanwa.

Ba don mugunta aka gina Tiga ba. Farin 1972 zuwa 1974 ya gigita Arewa, Kano na neman ruwan sha, ga kuma burin noman rani a Kadawa da Kura. An samu abin da aka nema, wanda duk ya ga tumatirin Kadawa ya shaida. Sai dai ruwan da aka tare a sama daga bakin na ƙasa aka ɗauke shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 zuwa 1970 ruwa kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 na fadamar, daga baya ya koma tsakanin 70,000 da 100,000. A 1992 aka ƙara da madatsar Challawa a wajen Ƙaraye. Shekara guda kafin nan, ranar 27 ga Agusta 1991, an cire Jigawa daga Kano, an cire Yobe daga Borno. Madatsun suka zauna a wata jiha, fadamar a wasu jihohi biyu, kuka ya zama sai an tsallaka iyaka kafin a ji shi.

Abin mamaki, tsuntsaye ne suka fara jawo hankalin duniya, ba mutane ba. Agwagin daji da wasu tsuntsayen bakin ruwa sukan gudo daga sanyin Turai, su ƙetare Sahara, su yi hunturu a nan tare da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Masu ƙirga su a Ingila da sauran ƙasashe suka lura da cewa masaukin yana ƙanƙancewa. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar Haɗejiya da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, da gidauniyar NCF ta Najeriya wadda Cif S. L. Edu ya assasa a Legas. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har tafkin Dagona a ƙasar Bade, lokacin yana shugabancin ƙungiyar WWF. Ziyarar ta sa sunan Dagona a jaridu, kuma har yau ita ake fara ambata in an tashi ba da labarin wurin.

Amma aikin da ya yi tasiri ba a gaban kyamara aka yi shi ba. Ted Hollis, masanin ruwa daga jami'ar Landan, da ɗalibansa sun auna abin da ke shiga fadamar da abin da ke fita. Wani masani, Bill Adams, ya bi manoma gona-gona. Dokta Muhtari Aminu-Kano, wanda daga baya ya shugabanci NCF, ya yi aiki a cikin shirin, kuma su ukun ne suka tattara littafin da IUCN ta buga a 1993 kan fadamar. Sai wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, ya yi lissafin da ya canza muhawarar. Ya haɗa kuɗin amfanin gona da kifi da itacen girki da fadamar ke bayarwa, ya raba da yawan ruwan da take sha, ya kwatanta da na babban aikin noman rani na Kogin Kano. Sakamakon ya nuna ruwan da aka bari ya malale fadama ya ninka wanda aka tare riba nesa ba kusa ba. Kafin nan, in injiniya ya ce ruwan da ya wuce dam asara ne, ba mai amsa masa da alƙaluma.

A ganina waɗannan mutane sun cancanci duk yabon da aka yi musu. Abin da ke damuna shi ne inda jerin sunayen ya tsaya.

Duniya tana da tsarinta na karrama irin wannan aiki. Yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna an amince da ita a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, kuma a 1999 aka fara ba da lambar yabonta a Kosta Rika. Cikin waɗanda suka karɓa a karon farko har da ƙungiyar mazauna bakin tafkin Naivasha na Kenya, wato ba dole sai farfesa ba. Najeriya ta shiga a makare: a 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma a jerin Ramsar, a 2008 aka ƙara Baturiya da Dagona da Maladumba da wasu. Sai dai irin wannan lamba tana bin takarda ne. Sai an samu mai cike fom da Turanci, mai hotuna, mai wanda zai tsaya masa a taro.

To ga wani aiki da bai da fom. Tun da madatsun suka fara sakin ruwa har da rani, magudanan da a da suke bushewa su huta suka zauna cikin danshi shekara zagaye. Kachalla ta samu abin da take so. Ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da kogin Burum Gana, yashi da laka suka taru a gindinta, ruwa ya karkata zuwa Marma. Sai ga wasu garuruwa suna nutsewa, wasu na kusa da su suna ƙishirwa, ga jan-baki ya samu maɓoya yana sauka kan shinkafa da gero. Mutanen ƙauyuka suka shiga ruwa da lauje da adda, aikin gayya, gari-gari, suna buɗe hanya. Rahotanni sukan kira su “al'umma”, kalma ɗaya ta haɗiye ɗaruruwan mutane. Mai unguwar da ya tara su, da masuncin da ya san inda tsohuwar hanyar ruwa take a ƙarƙashin ciyawa, duk suna cikin wannan kalmar.

Mutanen Ajingi da Gaya suna tsakiya, kuma na tsakiya shi aka fi mantawa. Ba su da madatsa balle a zarge su, ba su da tafkin tsuntsaye balle baƙi su zo. Amma in Tiga da Challawa suka cika aka buɗe, kamar yadda aka yi a damunar 2001, garuruwan bakin kogi daga Wudil zuwa Ringim ne ke fara kwana a tsaye. Fadamunsu ma sun sauya tun da hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse a shekarun 1980, jigo ya zama labari. Inji ya ƙara amfani, ya kuma sa aka nome har gaɓar kogi, aka matse burtali da mashaya. Wanda ya bar wa shanu hanya a nan, ko ya hana zuba gamalin a kududdufi don kifi, aikin kare fadama yake yi ko da bai taɓa jin sunan Ramsar ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu a girmama irin wannan mutum. Sarautar Sarkin Ruwa karramawa ce mai haɗe da nauyi: shi ke cewa yau a shiga, shi ke cewa a dakata. A Argungu, hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin biki shi ya sa ake samun kifin da ake zuwa kallo, kuma UNESCO ta sa bikin a jerinta a 2016. Rawani ya fi allon bango tasiri a ƙauye, domin mai shi yana nan gobe, kowa ya san ƙofar gidansa.

A ɓangaren gwamnati kuwa, a 2006 gwamnonin Bauci, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe sun haɗu a Damaturu suka amince da asusun kula da kogin gaba ɗayansa, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dajin Baturiya gandun ƙasa. Babbar nasarar masu kare fadamar dai wani abu ne da ba a gina ba. Madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are an fara ta an dakata fiye da sau ɗaya tun shekarun 1980. Da gwamnatin Bauci ta sake tayar da maganar a zamanin Isa Yuguda, Yobe da Borno suka ƙi, kuma hujjar da suka riƙe ita ce wadda su Hollis suka auna: Jama'are ne babban kogin da ya rage yana kawo wa fadamar ambaliyarsa ba tare da ƙofa ba.