Hanyar Rake da 'Yan Jakar Goyo: Tarihin Yawo a Gaɓar Tekun Queensland

Daga birnin Brisbane zuwa Cairns, a jihar Queensland da ke arewa maso gabashin Ostireliya, akwai babbar hanya mai suna Bruce, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,700. Da zarar ta wuce garin Rockhampton sai ta shiga yankin zafi sosai. Gonakin rake ne hagu da dama, da mangwaro da ayaba, ga tsaunuka masu kurmi ta yamma, ta gabas kuma ga tekun da ke ɗauke da jerin duwatsun murjani mafi girma a duniya. Tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin ranin wannan yanki, hanyar kan cika da ƙananan motocin bas da aka mai da cikinsu ɗakin kwana, da katifa da risho da jarkar ruwa. Masu tuƙa su galibi matasa ne daga Birtaniya da Jamus da Faransa da Japan da Koriya ta Kudu, waɗanda duk abin da suka mallaka ba ya wuce jakar da suke goyawa a baya.

A hoto, wannan tafiya hutu ce zalla: farin yashi a tsibiran Whitsunday, ninƙaya a Airlie Beach, kwana a bakin teku. Amma da yawa daga cikin matasan nan sukan yada zango na watanni a Bundaberg ko Bowen ko Tully, suna tsinkar tumatir ko ɗaukar kan ayaba a kafaɗa. Dalilin haka yana cikin wata tambaya da ta girmi motar kwana da jakar goyo: wa zai yi aikin gona a wannan zafi, kuma a kan nawa?

Amsar farko da Turawan da suka mamaye yankin suka bayar mummuna ce. A watan Agusta na 1863 jirgin ruwa mai suna Don Juan ya iso Queensland da mutum 67 daga tsibiran tekun Fasifik, domin su yi aiki a gonar audugar wani attajiri, Robert Towns, wanda daga baya aka sa wa birnin Townsville sunansa. Da noman rake ya haɓaka, sai fataucin ya bunƙasa. Daga 1863 zuwa 1904 an rubuta kwantaragi kimanin 62,000 na mutanen tsibirai, akasarinsu daga inda a yau ake kira Vanuatu da Tsibiran Solomon. Wasu da ƙarfi aka kamo su, wasu yaudararsu aka yi, wasu kuma sun zo da saninsu, musamman a shekarun baya-baya. Kwantaragin na shekara uku ne, ladan kuwa fam 6 a shekara, kuma mace-mace a cikinsu sun ninka na Turawa sau da yawa. Su ne suka sare kurmi suka shuka raken Mackay da Bundaberg.

A 1901, shekarar da yankunan Ostireliya suka haɗe suka zama tarayya, sabuwar majalisa ta kafa dokar da ta hana shigo da su, ƙarƙashin manufar keɓe ƙasar ga farar fata. Tsakanin 1906 da 1908 aka mayar da kimanin mutum 7,000 tsibiransu. Waɗanda suka saura sun bar zuriyar da har yau take zaune a garuruwan rake. Gurbinsu kuwa Turawa ne suka cike, musamman Italiyawa da suka yi tururuwa zuwa Ingham da Innisfail a shekarun 1920. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 inji ya karɓe saran rake kusan gaba ɗaya. Sai dai inji ba ya iya tsinkar mangwaro ko tumatir ba tare da ya ɓata su ba, don haka buƙatar hannu ta koma gonakin 'ya'yan itace da kayan lambu.

A daidai wannan lokaci wata al'ada ta daban tana girma a Turai. Tun 1912 wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, ya buɗe masaukin matasa mai rahusa na farko a tsohuwar fadar Altena. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Volkswagen ya fara ƙera motar Kombi a 1950, kuma ba da jimawa ba kamfanin Westfalia ya soma sa mata gado da kabad. A shekarun 1960 da 1970 dubban matasan Turai suka riƙa bin ƙasa ta Turkiyya da Iran da Afganistan zuwa Indiya. Wasu ma'aurata 'yan Birtaniya, Tony da Maureen Wheeler, sun bi wannan hanya a 1972 har suka dangana da Ostireliya ba ko sisi, kuma ɗan littafin da suka wallafa a 1973 shi ne mafarin kamfanin Lonely Planet. Juyin juya halin Iran da mamayar da Tarayyar Sobiyet ta yi wa Afganistan a 1979 suka toshe hanyar ƙasa, amma jirgin sama ya riga ya fara araha, sai matafiyan suka karkata zuwa kudu maso gabashin Asiya da Ostireliya.

Abin da ya haɗa al'adun biyu shi ne biza. A 1975 Ostireliya ta ƙirƙiro bizar hutu da aiki, da farko ga matasan Birtaniya da Ayalan da Kanada: mutum ya zauna shekara guda, ya yi ƙananan ayyuka don ya samu guzuri. A hankali aka faɗaɗa ta zuwa ƙasashe fiye da 40, waɗanda babu Najeriya ko Nijar a cikinsu. Arewacin Queensland kuma ya samu abubuwan jan baƙi. Hukumar UNESCO ta sa duwatsun murjanin cikin kayan gadon duniya a 1981, ta sa kurmin yankin a 1988, kuma Cairns ta samu filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a 1984. Daga nan tsarin tafiyar ya zauna: matashi ya sauka a Sidni, ya sayi tsohuwar mota daga hannun wanda ya gama tasa tafiyar, ya nausa arewa, ya sayar da ita a Cairns. Daga baya kamfanonin haya irin su Apollo da Wicked Campers suka mai da abin kasuwa sosai. Motar takan rage kuɗin masauki, kuma takan kai mutum gonar da bas ba ya zuwa.

A garuruwan noma sai wani irin masauki ya ɓullo, wanda mai shi ke zama dillali: ya ba da gado, ya samo aiki, ya kai mutane gona da asuba, ya karɓi haya duk mako. Duniya ta ga hatsarin wannan tsari a daren 23 ga Yuni, 2000, a garin Childers, wanda shi ma tsohon garin rake ne da mutanen tsibirai suka yi wa aiki. Wani ɗan ƙwadago ya cinna wa masaukin Palace wuta, ginin katako mai hawa, kuma na'urar gargaɗin gobara ba ta aiki. Mutum 15 suka rasu, mafi yawansu baƙi daga Birtaniya da Holan da Ayalan da Japan da Koriya ta Kudu, waɗanda suka zo tsinkar amfanin gona. An yanke wa mai laifin ɗaurin rai da rai a 2002, kuma jihar ta tsaurara dokokin gobara ga masaukai masu rahusa.

Duk da haka dogaro da matasan ƙaruwa ya yi. A Nuwamba 2005 gwamnatin John Howard ta kawo sabon tsari: duk wanda ya yi wata uku, wato kwana 88, yana aikin gona a karkara, za a ƙara masa shekara ta biyu. A 2019 aka ƙara shekara ta uku ga wanda ya yi wata shida. Manoma sun samu 'yan cin rani da ke zuwa da ƙafarsu, su biya kuɗin jirginsu da kansu. Amma tun da shaidar kwanakin a hannun mai gona take, mai neman biza ba ya iya ɗaga murya. Wani shirin bincike na gidan talbijin na ABC a 2015, da rahotannin hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta ƙasar a 2016 da 2018, sun fallasa tauye lada da zaftare kuɗin haya da cin zarafi. Sai a Afrilu 2022 aka wajabta cewa wanda ake biya gwargwadon yawan abin da ya tsinka ba zai samu ƙasa da mafi ƙarancin ladan awa ba.

Annobar korona ce ta nuna girman dogaron a fili. A ƙarshen 2019 akwai masu wannan biza kusan 140,000 a ƙasar. Aka rufe iyakoki a Maris 2020, cikin shekara guda adadin ya ragu da fiye da rabi, amfanin gona ya riƙa ruɓewa a fili. A Janairu 2022 gwamnati ta yi alkawarin mayar wa duk matashin da ya dawo da wuri kuɗin bizarsa. Sannan yarjejeniyar ciniki da Birtaniya ta ɗauke wa 'yan ƙasar sharaɗin kwana 88 daga Yuli 2024, abin da ya rage wa manoma wani babban rukuni na ma'aikata.

Don cike giɓin, Ostireliya ta sake waiwayar maƙwabtanta. Shirin ɗauko ma'aikatan wucin gadi daga tsibiran Fasifik, wanda ya kankama a 2012, an faɗaɗa shi a 2022, kuma Vanuatu tana cikin ƙasashen da suka fi turo mutane. Yanzu da fasfo da lada bisa doka suke zuwa, amma bizarsu a ɗaure take da wanda ya ɗauke su aiki, don haka barin gonar da ake cutar mutum yana da wuya. A gonakin ayabar Tully da Innisfail a yau, matashin Bajamushe mai ƙirga kwana 88 da magidancin da ya zo daga Vanuatu don ya tara kuɗin makarantar 'ya'yansa sukan yi aiki a layi ɗaya. Idan kwanakin Bajamushen suka cika, yakan tada motarsa ya nufi Cairns, abokin aikinsa kuwa sai kwantaraginsa ya ƙare.