Kwaikwayon Aikin Magabata a Koyon Zanen Fuska da Fentin Mai

Kwaikwayon aikin magabata tsohuwar hanyar koyo ce a wajen masu zane na Turai. Ɗan koyo yakan kafa ƙyallensa a gaban aikin wani gwani da ya riga mu gidan gaskiya, ya bi shi sau da ƙafa har ya gano yadda aka gina fuskar. Tun wajen shekarar 1400 Cennino Cennini na Italiya ya shawarci yaran shago, a littafinsa na sana'a, da su riƙe gwani ɗaya su yi ta kwafarsa, kada su yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan.

Fentin mai ne ya ƙara wa al'adar ƙarfi, musamman bayan Jan van Eyck ya nuna iyakar abin da zai iya, kamar a zanensa na mutum mai jan rawani na 1433. Garin launi da aka kwaɓa da mai ba ya bushewa da wuri. Sau da yawa akan fara da shimfiɗa mai duhu, a fitar da haske da inuwa, sannan a bi da siraran shafe, wani kan wani, har fatar ta yi kamar jini na gudana a ƙarƙashinta. Ido kaɗai ba ya gane wannan jeri, sai wanda ya riƙe buroshi ya gwada. Nan ne amfanin kwaikwayon yake.

Manya ma ba su raina shi ba. Rubens ya haura shekara 50, sunansa ya zagaye Turai, amma da ya je Madrid a 1628 sai ya duƙufa yana kwafar zanen Titian a fadar Sarki Filibus na 4.

Da aka buɗe gidan tarihi na Louvre a Paris a 1793, aka keɓe wa masu zane ranaku na musamman. Degas ya yi rajistar kwafa a can a 1853. Ga mata irin su Berthe Morisot, wurin ya zama makaranta, domin babbar makarantar zane ta Paris ba ta karɓi mata ba sai 1897. John Singer Sargent kuwa Madrid ya nufa a 1879 don kwafar zanen Velázquez.

Har yau Louvre na ba da izinin kwafa, da sharaɗin girman kwafin ya bambanta da na asali, don toshe ƙofar jabu.